Daga Zambo Zuwa Habaici: Shari'a da Masu Mulki a Zane-zanen Honoré Daumier

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da adabin baka na Hausa a wajen ƙasar Hausa ya san akwai kalmomi biyu da kan ba ɗalibai wahala, wato zambo da habaici. A jami'ar da nake aiki, inda mafi yawan ɗalibanmu a aji suka koyi Hausa ba a tsakar gida ba, na sha kawo misalai daga waƙoƙin fada, amma sai in ga bayanin bai zauna ba, domin ba su san sarakunan da ake yi wa waƙar ba, balle 'yan sarkin da ake yi wa zambon. Ranar da na shiga aji da zanen barkwanci na wata jarida, wanda aka kumbura wa wani babban mutum ciki aka ƙanƙance masa kai, tun kafin in buɗe baki kowa ya gane inda aka dosa. Wannan shi ya sa na shiga bibiyar tarihin irin wannan zane, har bincike ya kai ni ga Honoré Daumier, Bafaranshen da manazarta da dama ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye a fannin.

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda Daumier ya siffanta sarki da majalisa da kotu a ƙasar Faransa daga 1830 zuwa 1848. Abin da take son tabbatarwa shi ne, dokar da aka kafa a 1835 don a rufe wa masu zane baki ita ce ta tura Daumier daga zambo zuwa habaici, kuma wannan sauyi ya ƙara wa aikinsa zurfi da tsawon rai. Za a yi amfani da kalmomin nazarin adabin Hausa wajen bayanin, domin sun dace da abin da ake magana a kai.

2.0 Ma'anar Zanen Zambo

A nazarin adabin Hausa, zambo shi ne a siffanta wani takamaiman mutum da siffofin da za su muzanta shi, yawanci ta hanyar kambama wani abu na ƙirar jikinsa ko na halinsa, har duk wanda ya ji ya gane shi. Habaici kuwa magana ce a kaikaice, wadda ba ta kama suna ba, ba ta kuma nuna mutum da yatsa, amma mai abin ya san da shi ake. Shi ya sa masu iya magana kan ce wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Abin da wannan takarda ke kira zanen zambo shi ne zanen da ake ɗaukar siffar mutum a ƙara mata gishiri don a fito da wani hali nasa. Sunan da Turawa ke kiransa da shi ya samo asali ne daga wata kalmar Italiyanci mai ma'anar lafta kaya, kuma ana danganta farkon yin sa da wasu masu zane 'yan gidan Carracci na birnin Bolonya, wajejen shekarar 1600. Wato ke nan mai zanen yakan dubi hancin da Allah ya yi wa mutum, ya lafta masa kaya har ya rinjayi sauran fuskar. Sharaɗin kawai shi ne kada kamannin su ɓace, domin idan ba a gane mai fuskar ba, zambon ya faɗi.

Akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi tun daga nan. Makaɗin fada yakan yi zambo ne ga abokan hamayyar ubangidansa, don haka zambonsa yana ƙarfafa mai mulki ne. Zanen da za a duba a nan kuwa daga ƙasa yake harbi zuwa sama, kuma wanda ake harbi shi ke riƙe da 'yan sanda da kotu da kurkuku.

3.0 Daumier da Zamaninsa

An haifi Honoré Daumier a birnin Marseille ranar 26 ga Fabrairu, 1808. Mahaifinsa mai sana'ar sa gilashi ne, wanda sha'awar rubuta waƙoƙi ta kai shi birnin Faris, daga baya iyalinsa suka bi shi. Talauci ya sa tun Daumier yana da kimanin shekara 12 aka kai shi aikin ɗan aike a ofishin wani ma'aikacin kotu, irin wanda ke kai sammaci da kame kayan mutanen da bashi ya ci. A nan ne ya fara ganin shari'a daga ƙofar da talaka ke shiga, ya ga masu jiran a kira su a barandar kotu, ya kuma ga yadda lauyoyi ke wucewa ta gabansu.

Abu biyu ne suka share wa zanen zambo fage a wancan lokaci. Na farko shi ne ɗab'in dutse, wanda wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796. Yadda ake yin sa shi ne, mai zane zai yi zanensa da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen da ruwa, sannan a mirgina tawada a kansa. Da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa, tawadar takan kama wurin da allin ya bi ne kawai, sai a danna takarda a kai zanen ya fito. Amfanin wannan dabara shi ne sauri da araha, ga shi kuma hannun mai zanen da kansa ne ke bayyana a takarda, ba na wani masassaƙi da ya kwaikwaye shi ba. A tsawon rayuwarsa Daumier ya yi irin wannan zane kimanin 4,000.

Abu na biyu shi ne juyin mulkin watan Yuli na 1830. Mutanen Faris sun tumɓuke Sarki Charles na Goma a cikin kwana uku, kuma daga cikin abubuwan da suka harzuƙa su har da umarnin da ya bayar na danne 'yancin jaridu. Wanda ya gaje shi, Louis-Philippe, ya hau ne bisa tsarin mulkin da ya tanadi cewa ba za a sake dawo da tace jaridu ba. Sai dai kuma ba a daɗe ba talakawan da suka yi gumurzun suka ga ba su ne suka ci moriyarsa ba. Jefa ƙuri'a ya taƙaita ga maza masu biyan harajin faran 200 ko fiye, waɗanda ba su taɓa kai mutum 250,000 ba a ƙasar da ke da al'umma sama da miliyan 30.

A cikin wannan hali ne Charles Philipon ya kafa mujallar La Caricature mai fitowa mako-mako a Nuwamban 1830, sannan ya ƙara da jaridar kullum mai suna Le Charivari a Disamban 1832. Akan liƙa zane-zanen a tagar shagon da ke buga su, jama'a su taru suna kallo, har da waɗanda ba su da kuɗin saye da waɗanda ba su iya karatu ba. Daumier yana cikin matasan da Philipon ya ɗauka aiki.

4.0 Zamanin Zambo: 1830 Zuwa 1835

4.1 Kan Sarki a Gaban Kotu

A ranar 14 ga Nuwamba, 1831, an gurfanar da Philipon bisa laifin cin mutuncin sarki, saboda wani zane da ya nuna Louis-Philippe a matsayin magini yana shafe alkawuran juyin mulki da yaɓe. Hujjar masu gabatar da ƙara ita ce maginin ya yi kama da sarki. Sai Philipon ya ɗauki takarda ya zana kawuna huɗu a jere. Na farko fuskar sarki ce sak, na biyu ya yi kama da na farko, na uku ya yi kama da na biyu, na huɗu kuwa ya zama wani ɗan itace na ƙasashen sanyi, mai tsukakken sama da faffaɗan gindi, kamar fiyar da muka sani. Ya nuna wa kotu cewa idan kama ita ce laifi, to sai a hukunta wannan ɗan itace ma, tun da shi ma ya yi kama da sarki. Hujjar ba ta fisshe shi ba, domin an yanke masa ɗaurin wata shida da tarar faran 2,000. Amma daga ranar fiya ta zama tambarin sarki. Yara suka riƙa zana ta a bangayen Faris, kuma hukuma ta rasa yadda za ta yi, domin kama mai zana fiya tamkar amincewa ne cewa kan sarki fiya ne.

4.2 Sarki Mai Haɗama

A Disamban 1831 Daumier ya fito da zanen da ya kira Gargantua, sunan wani ƙaton mutum mai haɗama da ke cikin labaran Rabelais, marubucin Faransa na ƙarni na 16. A zanen an ga sarki da kan fiya da tulelen ciki, yana zaune a kan kujerar ba-haya. An jingina wani dogon katako daga ƙasa zuwa bakinsa, 'yan kanzagi suna hawa da kwandunan kuɗi suna juye masa. Daga gefen dama ga talakawan da ake tatsar kuɗin daga gare su, cikinsu har da wata ramammiyar mace da jaririnta. Daga ƙarƙashin kujerar kuwa takardun naɗi da lambobin girma ne ke zubowa, manyan mutane suna wawaso. Idan aka lura za a ga cewa a hoto guda Daumier ya bayyana daga inda dukiyar gwamnati ke fitowa, da inda take shiga, da kuma abin da take komawa.

Hukuma ta kama zanen, kuma a Fabrairun 1832 aka yanke wa Daumier ɗaurin wata shida da tarar faran 500. An kai shi kurkukun Sainte-Pélagie a ƙarshen Agustan wannan shekara, ya fito a farkon 1833. Yana da kimanin shekara 24 ke nan ya ɗanɗani shari'a a matsayin wanda ake tuhuma, bayan ya san ta a matsayin ɗan aike.

4.3 Majalisa da Soja da Kotu

Ɗauri bai sa ya saduda ba. A wannan tsakani ne ya ƙera ƙananan kawunan 'yan majalisa da ministoci da yumɓu, ya riƙa duba su yana zane. Guda 36 daga cikinsu suna ajiye a gidan tarihi na Orsay da ke Faris. A Janairun 1834 ya fito da zanen Le Ventre législatif, wato Tumbin Majalisa, inda ya jera 'yan majalisar da ke goyon bayan gwamnati layi-layi, wani yana gyangyaɗi, wani yana raɗa, wani yana fyace hanci, kusan kowa da tumbinsa a gaba. Ko wace fuska a zanen tana da mai ita, kuma mutanen Faris sun san su ɗaya bayan ɗaya. Wannan zambo ne tsantsa.

A Afrilun wannan shekara an yi tarzoma a Faris. Sojoji suka kutsa wani gida a titin Transnonain bisa zargin cewa daga nan aka harbe su, suka kashe mutum 12 mazauna gidan. Zanen da Daumier ya yi a kan wannan al'amari ba shi da kambamawa ko kaɗan. Ɗaki ne na talaka, ga gado a hargitse, ga magidanci da rigar barci a kwance a ƙasa ya danne gawar ƙaramin yaro, ga kan wani tsoho daga gefe, ga gawar mace a cikin duhu. Ba a nuna soja ko ɗaya ba, kuma ba a rubuta komai ba sai sunan titin da kwanan wata. A nan Daumier ya gane cewa akwai ta'asar da ba ta bukatar a ƙara mata gishiri.

Da aka fara shari'ar waɗanda aka kama a tarzomar, a Mayun 1835, sai ya zana wanda ake tuhuma an ɗaure masa baki, an rirriƙe shi, alƙali kuma yana gaya masa cewa an ba shi dama ya yi bayani, yana da 'yanci. Wannan shi ne salon da zai yi ta amfani da shi daga baya, wato a sa bakin mai mulki ya faɗi abu, hoto kuma ya ƙaryata shi.

5.0 Dokokin Satumba na 1835

A ranar 28 ga Yuli, 1835, wani mutum mai suna Fieschi ya yi yunƙurin kashe sarki a wurin faretin soja. Sarki ya tsira, amma mutum 18 sun mutu. Gwamnati ta yi amfani da wannan dama ta kafa wasu dokoki a ranar 9 ga Satumba, waɗanda a cikinsu aka ce ba za a buga ko a sayar ko a baje wani zane ba sai da izinin hukuma tukuna. Ganin abin da ke tafe, mujallar La Caricature ta daina fitowa tun a ƙarshen Agusta.

Tambayar da ta taso ita ce, yaya za a tace zane alhali tsarin mulki ya hana tacewa? Ministan shari'a na lokacin, Jean-Charles Persil, ya amsa da cewa abin da tsarin mulki ya kare shi ne bayyana ra'ayi a rubuce, wanda ke magana da hankali. Zane kuwa da ido yake magana, don haka ya wuce ra'ayi, ya zama aiki. Idan aka dubi wannan hujja da kyau za a ga cewa yabo ce ga masu zane, ko da yake ba da niyyar yabo aka kawo ta ba. Gwamnati ta yarda ke nan cewa gani ya kori ji. Rubutu sai wanda ya yi makaranta, sai kuma wanda ya zauna ya karanta, amma zane ɗan dako ma da ke wucewa ya gani ya fahimta a cikin ƙiftawar ido.

Daga nan fuskar sarki da ta ministoci suka haramta. Le Charivari ta koma ga zanen halayen jama'a, wato masu gidajen haya da likitoci da 'yan kasuwa da ma'aurata. Daga 1836 zuwa 1838 Daumier ya yi jerin zane kimanin 100 a kan Robert Macaire, wani mazambaci na wasan kwaikwayo, wanda yau a gan shi ɗan banki, gobe lauya, jibi ɗan jarida. Masu tacewa sun bari, tun da ba a taɓa kowa da suna ba. Masu karatu kuwa sun fahimci cewa ana gaya musu irin mutanen da mulkin ya ɗaukaka ne.

6.0 Zamanin Habaici: Ma'aikatan Shari'a

Jerin zanen da ya fi fito da wannan sauyi shi ne Les Gens de justice, wato Ma'aikatan Shari'a, wanda ya fito a Le Charivari daga 1845 zuwa 1848, zane kusan 40. Babu sunan alƙali ko lauya ko ɗaya a cikinsu. Za a duba su ta fuskar jigo da kuma salo.

6.1 Jigo

Jigo na farko shi ne rashin kulawar masu hukunci. A wani zane an ga lauya ya ɗaga hannu yana kumfar baki, yana kare wani maraya da ya yarda da bakinsa cewa shekararsa 57, yana kuma tabbatar wa kotu cewa hankalinsa a kwance yake domin idon shari'a a buɗe yake kullum. A gabansa kuwa alƙalan duk sun yi barci.

Jigo na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin mai hukunci da wanda ake hukuntawa. An zana wani ƙosasshen alƙali ya kishingiɗa a kujera, a gabansa ga wani matsiyaci da aka kama da sata. Alƙalin yana gaya masa cewa yunwa ba hujja ba ce, domin shi ma kusan kullum yakan ji yunwa amma bai taɓa sata ba. Kalma ɗaya ce, yunwa, amma ta alƙali ta jiran a kawo abinci ce, ta ɓarawon kuwa ta rashin abin da za a kawo ce. Mai kallo yana ganin cikin kowannensu, don haka ba ya bukatar a yi masa bayani.

Jigo na uku shi ne mayar da shari'a sana'a da wasan kwaikwayo. A wani zane lauyoyi biyu da suka gama caccakar juna a gaban alƙali sun koma gefe suna yaba wa juna a kan yadda kowa ya taka rawarsa. A wani kuma an nuna lauya yana taƙama, aka bayyana shi da cewa mai kare maraya da matar da mijinta ya rasu ne, sai fa idan su ne aka ɗauke shi ya kai ƙara. Wanda ya fi su ciwo ya fito a 1848. Ga mace cikin baƙaƙen kayan takaba tana kuka, ga ƙaramin ɗanta, ga lauyanta yana tafe a gefensu ƙirji a gaba, yana rarrashinta da cewa gaskiya ne ta faɗi a shari'ar, amma ai ta ji daɗin sauraron jawabinsa.

6.2 Salo

Dabara ta farko ita ce amfani da tufafi a matsayin alama. Lauyoyi da alƙalan Faransa suna sa doguwar riga mai faffaɗan hannu, da farin ƙyalle a wuya, da hula. Daumier ya yi amfani da baƙin allinsa ya mayar da rigar wani babban dunƙulen duhu da ke cika takarda, har mutumin da ke ciki ya kusa ɓacewa. Wato ke nan kayan da a da yake lafta wa hancin wane da tumbin wane, yanzu ya lafta su ga rigar, kuma duk wanda ya sa ta ya shiga cikin zanen.

Dabara ta biyu ita ce kambama motsin jiki. Lauyansa kullum yana cikin wani yanayi na nuna kai, ko ya buɗe hannuwa, ko ya dafe ƙirji, ko ya ɗaga hanci yana saukowa daga matakalar babbar kotu. Masu ƙara kuwa a sunkuye suke, hula a hannu.

Dabara ta uku ita ce saɓani tsakanin magana da hoto, kamar yadda misalan da suka gabata suka nuna. A nan ya kamata a faɗi cewa yawancin maganganun da ke ƙarƙashin zane-zanen ba Daumier ne ya rubuta su ba, ma'aikatan jaridar ne kan ƙara su. Amma duk wanda ya rufe rubutun da hannu ya dubi hoton zai ga saƙon bai ragu da yawa ba, domin barcin alƙalai da hawayen mai takaba a cikin zanen suke.

7.0 Abin Lura

Idan aka kwatanta zamunan biyu za a ga abin da dokar 1835 ta haifar. Zanen Tumbin Majalisa ya fi zafi a ranar da ya fito, amma mai kallonsa a yau yana bukatar masanin tarihi ya gaya masa wane ne wane, kamar dai yadda ɗalibaina ke bukatar a gaya musu 'yan sarkin da ke cikin waƙar fada. Zambo yakan tsufa tare da wanda aka yi wa. Zanen alƙalai masu barci kuwa ba ya bukatar tafinta, domin bai dogara da fuskar kowa ba. Daɗin daɗawa, habaici yana ɗaure hannun hukuma. Alƙalin da ya kai ƙarar irin wannan zane ya shaida da kansa cewa shi ne mai barcin, kuma an san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Bugu da ƙari, sukar ta ƙara nisa. Zambon farko yana cewa wannan sarki da waɗannan ministoci ne ba su da kirki, abin da ke nufin idan an sauya su an huta. Habaicin baya kuwa yana tuhumar yadda aka tsara aikin ne gaba ɗaya, inda mai gaskiya kan rasa haƙƙinsa saboda ba shi da abin biyan mai iya magana. Tarihi ya gaskata wannan, domin an tumɓuke Louis-Philippe a Fabrairun 1848, amma jerin Ma'aikatan Shari'a ya ci gaba da fitowa a wannan shekara ba tare da ya rasa ma'anarsa ba.

Duk da haka bai kamata a ɗauki zanen zambo a matsayin ma'aunin gaskiya ba. Aikinsa kambamawa ne, kuma ba ya nuna alƙalin da ya kwana yana nazarin ƙara ko lauyan da ya tsaya wa talaka kyauta, alhali akwai su a ko wane zamani. Haka kuma makamin ba kullum yake fuskantar masu ƙarfi ba. A 1844 Daumier ya yi wani jerin zane yana yi wa mata marubuta ba'a, yana nuna su a matsayin masu watsar da gida da 'ya'ya. Ashe hannun da ya kare mai takaba a kotu shi ne ya tsokani macen da ta ɗauki alƙalami.

Game da dokar kanta, an ɗage tace zane bayan juyin mulkin 1848, aka dawo da shi a 1852 a zamanin Louis-Napoléon, kuma ba a rabu da shi dindindin ba sai da aka kafa dokar 'yancin jaridu ta 29 ga Yuli, 1881. Daumier bai ga wannan rana ba. Ya rasu a ƙauyen Valmondois a Fabrairun 1879, idonsa ya kusa rufewa, kuma ba tare da ya tara dukiya ba.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna yadda Honoré Daumier ya fara da yi wa sarki da 'yan majalisar Faransa zambo ƙiri-ƙiri, abin da ya kai shi kurkuku a 1832, da yadda dokokin Satumba na 1835 suka tilasta masa ya koma ga habaici, inda ya bar fuskokin mutane ya kama rigar alƙali da ta lauya. An ga cewa wannan sauyi ya sa sukarsa ta tashi daga kan mutum ta koma kan tsari, ta kuma zama abin da baƙo daga wata ƙasa da wani zamani zai iya fahimta. An kuma ga cewa kalmomin zambo da habaici da kambamawa, waɗanda aka saba amfani da su a nazarin waƙa, suna iya ɗaukar nauyin nazarin zane. Ana fata manazarta za su gwada su a kan zane-zanen jaridunmu na gida, tun daga na Akinola Lasekan da suka riƙa fitowa a jaridar West African Pilot a zamanin mulkin mallaka, don a ga lokacin da masu zanenmu suka yi zambo, da lokacin da hali ya sa suka koma habaici.